Inda Hoton Baba Yake Tsayawa

Litinin, 5 ga Mayu

Ya sake maƙalewa. Baba na tsaka da buɗe bayan wani agogon hannu, hoton ya tsaya cak. Na danna, na sake dannawa, na daki teburi. Mai Sauti, wanda muke hayar ɗakin aiki ɗaya da shi, ya zame abin kunnensa gefe guda ya ce teburin dai bai yi min laifin komai ba. Na ce ya ji da kiɗansa.

Tsohon faifan ajiyar nan ya gama yayi. Irin mai juyawa ne, in na ɗora hannu a kansa ina jin yana gurnani. Ƙananan tallace-tallacen da nake tacewa yana lallaɓawa da su, amma shagon Baba da babbar kyamarar aro na ɗauke shi, hotunan sun fi ƙarfinsa. Duk inda ya tsaya sai in sa jar alama in tsallaka gaba. Yanzu layin aikin ya yi jajawur kamar mai ƙyanda.

Sai na sami faifai mai sauri. Maganar ke nan.

Talata, 6 ga Mayu

Yaya ta kira. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Fim ɗin Baba fa?" Na ce faifai ne. Ta ce tun da aka rufe shagon take jin faifai, faifai, ita ba ta san ko faifan rufe tukunya ba ne.

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Jiya da yamma wai Baba ya tsaya a tsakiyar falonta ya tambaye ta gidan waye wannan. Gidan da yake zaune tun bara. Likita dama ya faɗa mana irin wannan mantuwar ba ta komawa baya.

"Ki gama shi tun yana gane kansa a ciki," in ji ta. "Ke kika yi masa alkawari, ba ni ba."

Ni na yi, gaskiya ne. Makonnin ƙarshe kafin ya rufe shagon gyaran agogonsa na kafa kyamara na ɗauke shi yana aiki, yana ba da labari. Na ce zan haɗa masa fim ya zauna ya kalli kansa. Ya ce a tabbata an fito da shi da kyau.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yini guda ina karance-karance a kan faifai. SSD dai zan saya, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa. Amma su ma kashi-kashi ne. Akwai mai gudu da farko, da ka loda masa manyan hotuna sai ya yi zafi ya koma tafiyar hawainiya. Akwai mai gudun gaske, amma sai kafar kwamfutarka ta dace da shi, in ba haka ba ka sayi doki ka ɗaure a turke. Abin da aka rubuta a kwali daban, abin da zai yi maka a kan teburi daban.

Na zaɓi ɗaya. Na fasa. Na zaɓi wani. Kaina yana ciwo.

Asabar, 10 ga Mayu

Na je wajen Akwai. Haka kowa ke kiransa a layin masu kayan kwamfuta, don ko me ka tambaya sai ya ce akwai, sannan ya leƙa shagon maƙwabci ya ɗauko. Ya jera min guda uku a kan gilashi. Wani ɗan ƙarami mai rigar roba, wani mai jikin ƙarfe, da wani fanko da ake sayen cikinsa daban a haɗa.

Na tambaye shi wanne ne ba ya raguwa in ya yi zafi. Ya ce duk ba sa raguwa. Na ce wanne ake dawo masa da shi. Ya sosa ƙeya ya nuna mai rigar roban da haɓa.

"Hajiya, ki ɗauki mai ƙarfen nan ki huta," ya ce. "Araha ba ta ado."

Na juya shi, na auna nauyinsa a tafin hannu, na ce zan yi shawara. Ya ce wancan watan ma shawara na tafi yi. Mutumin nan ba ya mantuwa, abin haushi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Gidan Yaya. Baba na zaune bakin taga da ɗan madubinsa na ido a aljihun gaba, duk da babu abin da yake gyarawa yanzu. Ya amsa gaisuwa da kyau. Ya fara ba ni labarin wani agogon bango da aka taɓa kawo masa daga tashar jirgi, sai ya tsaya. Na ƙarasa masa. Ya sake farawa, ya sake tsayawa, na sake ƙarasawa, ai na san labarin. Yaya ta harare ni daga ƙofar kicin.

Ban daɗe ba. Mai sabulun da nake haɗa wa talla yana ta kira wai a ƙara wa kumfar haske.

A mota na tuna bai kira ni Sakan ba. Tun ina ƙarama haka yake kirana, wai ni ce siririn hannun agogon nan da ba ya tsayawa. Yau "'yata" ya ce. Ba komai ba ne. Ai 'yarsa ce ni.

Talata, 13 ga Mayu

Girman cikin faifan kuma: terabait biyu ko huɗu? Biyu zai ɗauki shagon Baba, amma in faifai ya cika maƙil shi ma nauyi yake yi. Huɗu ya fi, sai dai aljihu.

Mai Sauti ya ce da lokacin da na ɓata wajen zaɓen faifai na sa a aikin, da tuni an kalli fim har an manta. Na ce shi sauti yake ja, fayilolinsa ko a tsohon katin waya za su zauna. Ya ce to, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irin kallon da ya yi min bai yi min daɗi ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Ban buɗe aikin Baba ba. Na share ɗaki, na naɗe igiyoyin da ke bayan teburi.

Juma'a, 16 ga Mayu

Saƙon Yaya da safe: Baba ya kira mijinta da sunan ƙaninsa da ya rasu.

Na sa takalmi na tafi wajen Akwai. Mai ƙarfen, huɗu. Ban ko tsaya ciniki sosai ba, har ya dube ni ya ce lafiya dai ko. Na ce ya sa min a leda.

Asabar, 17 ga Mayu

Ana kukan targaɗe. Na jona sabon faifan, na fara kwashe hotunan, sai ga shi yana jan ƙafa fiye da tsohon. Raina ya ɓaci, har na fara shirya abin da zan faɗa wa Akwai a gaban maƙwabtansa. Ina ɗaukar kwalin zan mayar, sai ga kebul ɗinsa a naɗe a ciki, ko warware shi ban yi ba. Ashe da igiyar cajin wayata na jona shi, don ita ce a kusa da hannuna. Bakinsu iri ɗaya, aikinsu ba ɗaya ba.

Allah Ya sa Mai Sauti ya fita sayen abinci. Wannan ko a lahira ba zai ji ba.

Na canza. Yanzu tsohon faifan ne kawai ke jan aikin, shi kuwa ba a yi masa dole. Na bar su suna kwasa na tafi gida. Sau nawa na so in dawo in duba.

Litinin, 19 ga Mayu

An gama kwasa. Na buɗe aikin daga sabon faifai, kuma kai, abin ya yi daɗi. Ina jan hoton gaba da baya yana bina kamar ruwa. Na ga ƙurar da ke kan gilashin shagon, na ga jijiyoyin hannun Baba. Na ce wa Mai Sauti ya zo ya ga abin da kuɗi ke yi.

Sai na iso jar alama ta farko. Hoton ya tsaya.

Na ce ba zai yiwu ba. Na mayar baya, na sake saki. Baba ya ajiye ɗan hantsakinsa, ya ɗago kai, cak. Na fara zagin faifai, da Akwai, da wanda ya ƙera shi. Hannuna har ya kai kan madannin tsallakewa, yadda na saba.

Ban san abin da ya sa na buɗe hoton ya cika allo ba. Kullum a ɗan ƙaramin akwati nake zagayen farko, kuma ba na kunna sauti, hoto kawai nake bi da gudu, haka na koya kuma haka nake alfahari da shi. Da ya cika allon sai na ga babban agogon bangon da ke bayan kafaɗar Baba. Marfin gilashinsa a buɗe, ƙarfen da ke lilo a cikinsa yana ta lilonsa. Dama, hagu, dama.

Hoton yana tafiya. Baba ne ya tsaya.

Na kunna sauti. Agogunan shagon duka suna bugawa, kowa da nasa takun. Can daga waje kuma ga muryata, ina waya, ina ce wa wani in bai turo tambarin kamfaninsa yau ba kada ya neme ni gobe. Na tuna ranar. Na yi wa Baba tambaya, wayata ta yi ƙara, na ce ya ci gaba kyamara na ɗauka, na fita.

Idonsa na kan kujerar da na tashi. Leɓensa ya ɗan motsa. "Ke…" ya ce. Ya yi shiru. "Ke…"

Mai Sauti yana tsaye a bayana. Ya koma teburinsa ya mayar da abin kunnensa ba tare da ya kunna komai ba.

Talata, 20 ga Mayu

Na bi jajayen alamomin ɗaya bayan ɗaya. Wasu kam laifin tsohon faifan ne, yanzu suna wucewa sumul. Amma mafi yawansu Baba ne. Wani wurin sunan wani ƙarfe yake nema, wani wurin ya riƙe agogo yana kallonsa kamar yau ya fara ganin irinsa. Kuma kusan duk inda ya tsaya, ba na kan kujerar. Ina waje, ko ina gyara fitila, ko ina duba batir.

Tun a lokacin ke nan abin ya fara. Mu kuwa sai bayan rufe shagon muka ce mun lura.

Na ji kunya, na ji tsoro, kuma na ji haushin faifan nan da ya yi aikinsa daidai.

Laraba, 21 ga Mayu

Na yanke su duka. Aikina ke nan, da shi aka san ni: ba na barin shiru, ba na barin "eh" da "to", mutum ya yi magana a hannuna sai ka rantse karantawa yake. Na bi Baba na tsince shi tas. Yanzu yana zuba kamar shekara goma da suka wuce. Na ji sanyi a raina.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na ba Mai Sauti ya gyara min murya. Ya kalla har ƙarshe, ya ce muryar ba matsala. Sai ya ce, "Amma agogon bayansa yana tsalle."

Na duba. Duk inda na yanka, dogon hannun agogon bangon sai ya yi tsalle gaba. Nan yana kan biyu, ƙiftawar ido yana kan huɗu. Wani ba zai lura ba. Amma wanda za a nuna wa fim ɗin mutum ne da in ya shiga gidan mutane, kafin ya zauna sai ya gaya musu agogonsu ya yi latti.

Na ce zan rufe wuraren da hoton hannunsa da na kayan aiki. Ya ce za a iya. Ya ƙara da cewa shi dai a wajensu, in aka cire shirun da ke tsakanin kiɗa, hayaniya ke saura. Na ce ban tambaye shi wa'azi ba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na rufe wasu. Sun rufu da kyau, ba wanda zai gane.

Na farkon ne ya ƙi. Na sa hoton hannu, na cire. Na sa hoton titi ta taga, na cire. Na tashi na zagaya ɗakin, na sauka ƙasa wajen masu buga takardu na tsaya ina kallon injinsu ba dalili, na hawo.

Na kira Yaya na gaya mata abin da na gani. Ina jin ƙarar famfo a bayanta. Sannan ta ce, "Ni kullum a cikin wannan shirun nake zaune. Ke ce dai ba ki taɓa tsayawa kin ji shi ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

Na ce in na bar shirun a fim ɗin Baba zai ji ciwo in ya gani. Ta ce ba ta sani ba. Ta ce in kawo ranar Lahadi da hantsi, lokacin ya fi zama garau.

Asabar, 24 ga Mayu

Na mayar da wurin farkon nan yadda yake, tun daga ajiye hantsakin har dawowata. Ban taɓa barin abu mai tsawon haka a aikina ba. Na kalle shi har ƙarshe ban tsallake ba.

Na fitar da fim ɗin. Faifan ya yi ɗumi amma bai rage gudu ba. Akwai ya yi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa.

Lahadi, 25 ga Mayu

Mun jona a talabijin ɗin falo. Yaya ta ja labule, mijinta ya kashe fanka don a ji sosai. Baba ya sa hularsa, wai ai taro ne.

Da shagon ya fito ya gyara zama. "Shagona," ya ce. Yaya ta matse min hannu. Ya riƙa nuna agogunan yana faɗin na waye da na waye, wannan mai shi bai dawo ya karɓa ba, wancan an jiƙa shi da ruwa aka ce faɗuwa ya yi. Ya ga hannunsa yana aiki ya ce, "A hankali dai, a hankali." Har dariya ya yi a wajen labarin agogon tashar jirgi. Na ce a raina alhamdulillahi, na cika alkawari, ko yanzu aka ɗauke wuta na gama.

Sai wurin ya zo. Na cikin talabijin ya ajiye hantsaki ya ɗago kai. Falon ya yi tsit, sai bugun agogunan da muryata can nesa tana faɗa da mai tambari. Na ji kamar in tashi in tsallake shi. Na zauna a kan hannuna.

Baba ya karkata kai yana kallon mutumin.

"Wannan bawan Allah wa yake nema?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Na ce, "'Yarsa yake nema, Baba."

"Ina ta tafi?"

"Ta fita amsa waya."

Ya jinjina kai. Ya ɗan matso gaba a kujerarsa, ya ce wa na cikin talabijin, da irin muryar da yake lallashin mai agogon da ya gaji da jira, "Yi haƙuri, malam. Za ta dawo."

Muka jira, mu huɗu da shi na biyar. Ƙarfen agogon yana ta lilo. Can sai ƙofar shagon ta yi ƙara, gefen mayafina ya shigo hoton, na ji kaina ina cewa, "Yauwa Baba, ina muka tsaya?" Fuskar na cikin talabijin ta washe gaba ɗaya. "Sakan," ya ce.

Baba ya buga cinyarsa. "Ga ta nan. Ban faɗa maka ba?"

Talabijin yake kallo, ba ni ba. Na shiga kicin na buɗe famfo.

Talata, 27 ga Mayu

Yaya ta ce ya sa an sake kunna masa jiya da yau. Duk sanda aka zo wurin sai ya ba mutumin haƙuri.

Na koma wajen Akwai na sayi faifai na biyu, irin mai juyawa, mai arha. Wannan ba gudu nake nema ba, ajiya ce. Na zuba komai a ciki, har wuraren da na yanke, zai zauna a gidan Yaya. Akwai ya ce yau ba shawara? Na ce babu.

Na goge jajayen alamomin. Ba su da amfani yanzu.

Lahadi, 1 ga Yuni

Gidan Yaya. Na manta wayata a jaka, jakar kuma a ɗakinta. Mantuwa ce kawai.

Baba na bakin taga. Ya fara labarin agogon tashar jirgi, ya kai inda aka sauke shi daga mota, ya tsaya. Na san abin da ke gaba. Bakina har ya buɗe. Na kalli labule, na kalli ɗan madubin da ke aljihunsa, na kalli hannunsa a kan gwiwa. An daɗe. Bai samo ƙarshen labarin ba, ni ma ban ba shi ba.

Can ya juyo ya dube ni sosai.

"Zauna mana," ya ce. "Ke kullum a tsaye."

Na ce, "Ai a zaune nake, Baba."

Ya dubi kujerar, ya dube ni.

"Haka ne kuwa," ya ce.

Sai la'asar na tafi. Mai sabulu ya kira har ya gaji, gobe na ji da kumfarsa.